Abubuwan da ya kamata ka sani game da aikin masu gyaran magana a makarantun Birtaniya

A makarantu da dama a Birtaniya akwai ma'aikatan da ba sa koyar da darasi, ba sa kuma ba da magani. Aikinsu shi ne gano yaran da magana ko fahimtar magana ke yi wa wuya, tare da tsara yadda za a taimaka musu. Su ne masu gyaran magana da harshe, kuma mafi yawansu mata ne.

Mene ne aikin?

Abu uku suke dubawa. Na farko shi ne furuci, wato yadda yaro ke fitar da sauti da leɓɓansa da harshensa da ganɗarsa. A nan ne tsamin baki da in'ina suke. Na biyu shi ne harshe kansa: yawan kalmomin da yaro ya sani, yadda yake haɗa su su zama jimla, da yadda yake gane abin da aka faɗa masa. Na uku shi ne mu'amala, kamar jiran lokacinsa a hira da gane wasa ko habaici. A makarantun masu buƙata ta musamman aikin kan haɗa da kula da yaran da tauna ko haɗiye abinci ke yi wa wuya, domin gaɓoɓin magana da na ci kusan ɗaya ne.

Ba kowa ke da ikon amsa wannan suna ba. Sai mutum ya yi digiri na shekara 3 ko 4 a fannin, ko digiri na biyu na shekara 2, sannan ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan ma'aikatan lafiya irin su. An kafa ƙungiyarsu ta ƙwararru a 1945, kuma cikin waɗanda suka assasa ta har da Lionel Logue, ɗan Ostareliyan da ya taimaka wa Sarki George na Shida kan in'inarsa.

Matsalar da ake ji da wadda ba a ji

In'ina ce aka fi sani saboda kunne na kama ta nan take. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi yawa ga maza, kuma gado na da hannu a ciki. Yawancin yara kan rabu da ita, amma kusan mutum 1 cikin 100 kan girma da ita.

Wadda ta fi yawa, ta kuma fi ɓuya, ita ce lalurar tawayar harshe, da ake taƙaitawa da DLD a Turance. Yaron da ke da ita kunnensa lafiya lau, ba shi da wata cuta da ake gani, sau da yawa furucinsa ma garau yake. Sai dai idan malama ta ce, "Ku rufe littafi, ku ɗauko fensir, ku zauna a kan tabarma," shi umarni ɗaya kawai ya riƙe, sauran kuma sai ya kalli na kusa da shi ya kwaikwaya. Idan aka ce ya ba da labari, sai ya kawo ƙarshe a farko, ya riƙa cewa "abin nan" a madadin sunan abu. Wani bincike da Farfesa Courtenay Norbury ta jagoranta a yankin Surrey, wanda aka buga a 2016, ya gano lalurar ga kusan kashi 7 cikin 100 na yara masu shiga firamare, wato kamar yara 2 a kowane aji mai ɗalibai 30. Irin wannan yaro ne ake yi wa kallon daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, kuma zai iya shekaru a haka ba wanda ya gane.

Me ke jawo su?

Wani lokaci dalilin a fili yake. Ruwa mai kauri kan taru a bayan dodon kunnen ƙananan yara ya rage musu ji na tsawon watanni, shi ya sa gwajin ji ke cikin abubuwan farko da ake nema. Akwai tsagewar leɓe da ganɗa tun haihuwa, akwai galahanga, akwai raunin ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin gaɓoɓi. Ita kuwa DLD ba ta da dalili guda, illa dai takan bi dangi.

A ƙasar Hausa akan ɗora jinkirin magana kan linzamin harshe, har a kai yaro wurin wanzami a yanke. Yankan ba ya magance in'ina, ba ya kuma ƙara wa yaro kalmomi ko fahimta, domin waɗannan aikin ƙwaƙwalwa ne.

Yadda aikin ke gudana a makaranta

Galibi malamar aji ce ko iyaye ke fara lura, sai a sanar da malamin da ke kula da masu buƙata ta musamman, wanda doka ta wajabta wa makarantun gwamnati a Ingila su naɗa. Mai gyaran magana za ta kalli yaron a aji da filin wasa, ta tattauna da iyayensa, ta gwada shi da hotuna da tambayoyi da aka riga aka auna a kan sa'o'insa. Daga nan sai ta rubuta buri ƙanana da za a iya aunawa, misali ya iya bin umarni mai gaɓa biyu kafin ƙarshen zango.

Taimakon hawa uku ne. A hawan farko ana horar da malamai domin amfanin dukan aji: su gajarta jimla, su koyar da sabbin kalmomi kafin darasi, su nuna hoto, su dakata na 'yan daƙiƙu bayan tambaya, kada kuma su ƙarasa wa mai in'ina maganarsa. A hawa na biyu mataimakan malamai ke zama da ƙananan rukuni bisa tsarin da aka ba su. Hawa na uku na masu tsananin buƙata ne, inda ƙwararriyar ke aiki da yaro kai tsaye. Wanda ba ya magana kwata-kwata akan koya masa alamomin hannu na Makaton, ko allon hotuna, ko na'urar da ke furta abin da ya taɓa.

Iyaye da yawa sun fi son hawa na uku, suna ganin sauran ragin kuɗi ne kawai. Zargin na da tushe a inda ma'aikata suka yi ƙaranci. Amma rabin awa a mako a keɓaɓɓen ɗaki ba zai yi tasiri sosai ba idan sauran makon yaron na zaune a ajin da ba ya gane abin da ake faɗa.

Yaro mai harshe biyu

Jin harshe biyu ba ya haddasa lalurar magana. Yaron da ke jin Hausa a gida da Turanci a makaranta, idan yana da DLD za a gan ta a duka biyun. Idan kuwa Hausarsa daidai take, Turancin ne bai nuna ba, to lokaci da koyarwa yake buƙata. Don haka akan nemi tafinta yayin gwaji, akan kuma shawarci iyaye su ci gaba da yi wa 'ya'yansu harshen da suka fi ƙwarewa a kai.

Illar rashin kulawa da batun ƙarancin ma'aikata

Karatu da rubutu a kan harshen baka suke ginuwa, saboda haka yaron da bai samu taimako ba yakan sha wahalar karatu, ya rasa abokai, wani kuma ya koma faɗa saboda ya kasa bayyana abin da ke ransa. Rahoton da ɗan majalisa John Bercow ya gabatar a 2008 ya nuna cewa samun taimako ya danganta da unguwar da yaro yake, kuma bitar da aka yi bayan shekara 10 ta tarar matsalar na nan. Wata doka ta 2014 ta ba yaran Ingila masu tsananin buƙata damar samun kundi da ke tilasta wa ƙaramar hukuma biya musu ita, sai dai samun kundin kan ɗauki watanni.

A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, kuma Jami'ar Ibadan na cikin wuraren da ake koyar da fannin. Ƙwararrun ba su da yawa, kuma akasari a asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu na manyan birane ake samun su, ba a makarantun gwamnati ba.