Rabe-Raben Karfasa da Dangantakarta da Kifayen Teku

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa kasuwar kifi ta Yauri zai ji Sarkawa na kiran kifaye da sunayensu, kamar karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Masunci yakan raba kifi ta la'akari da kamanni. Masana kimiyya kuwa asali suke bi, wato waɗanne kifaye ne suka fito daga tsatso ɗaya. Karfasa ta ishe mu misali.

Ire-Iren Karfasa

A Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, akwai fitattun karfasa iri uku. A da, duk ana sanya su cikin rukunin Tilapia. A 1983, masaniyar kifi 'yar Ingila, Ethelwynn Trewavas, ta rarrabe su bisa yadda suke renon ƙwai:

1. Oreochromis niloticus: uwa ce kaɗai ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe.
2. Sarotherodon galilaeus: uwa da uba duk sukan riƙe ƙwan a baki.
3. Tilapia zillii: tana zuba ƙwai a gurbi a ƙasan ruwa, iyayen biyu su yi gadi. A 2013 aka mayar da ita rukunin Coptodon.

Dangantaka da Kifayen Teku

A tekuna masu ɗumi akwai dangin Labridae, kifaye masu launi iri fiye da 500, waɗanda galibinsu ke zaune cikin duwatsun murjani. Su da karfasa suna da wani muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, mai niƙa abinci, wanda ƙasusuwansa na ƙasa suka haɗe. Saboda haka, a 1982 masana biyu, Kaufman da Liem, suka haɗa su cikin babban rukuni ɗaya, Labroidei. Sai dai binciken ƙwayoyin gado, tun daga 1997, ya nuna cewa ba 'yan'uwa na kusa ba ne. Kowane dangi ya samu wannan muƙamuƙi ne ta hanyarsa daban.

Kammalawa

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wannan rarrabewa tana da amfani ga mai kiwon kifi, domin Oreochromis niloticus ta fi sauran biyun saurin girma. Wanda ya sayi iri da sunan karfasa kawai yana iya ɓarnar abinci a kan wadda ba za ta biya shi ba.