Motar Da Ba A Hawa Ta Fi Cin Batir

Akwai malaman makaranta da akawuna da yawa waɗanda Allah ya hore musu mota, amma ba kullum su ke hawanta ba. Gida yana kusa da wurin aiki, mai kuwa ya yi tsada, saboda haka sai a lulluɓe ta da tamfol a rumfa, ba a taɓa ta sai ran Juma'a ko ran suna. Mai ita yana ganin tattalinta ya ke yi. Taya da inji kam sun huta, amma batir zaman nan shi ne ajalinsa. Ba a gane haka sai ranar da haihuwa ta zo wa maiɗaki da gardama da tsakad dare, a murɗa makulli, a ji mota ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru.

Bari mu duba abin da ke cikin akwatin nan tukuna. Wani Bafaranse mai suna Gaston Planté shi ya ƙago irinsa a 1859, har yau kuwa asalin aikinsa bai sake ba. Ɗakuna 6 gare shi, a kowane ɗaki akwai farantan dalma tsome cikin ruwan asid, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yan kai. Shi ya sa batirin da a ke kira mai bolt 12, in ya cika sosai, 12.6 ya kan nuna. Sa'ad da ya ke ba da wuta, asid ɗin yana cin dalma, wani farin gishiri yana kwantawa bisa farantan. In aka yi caji nan da nan gishirin ya kan narke ya koma ruwa, ba a yi hasarar kome ba. In kuwa aka bar batir ba caji mako da makonni, gishirin sai ya sandare, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Duk wurin da ya sandare ya mutu ke nan. Watau batirin da ya daɗe a sauke, ko an cika shi daga baya, ba zai riƙe wuta kamar dā ba.

To, me ke shan wutar alhali mota tana tsaye? Abu biyu ne. Na fari, batir yana yoyo da kansa ko ba a haɗa shi da kome ba, zafi kuwa yana ƙara yoyon ƙwarai. Masana sun ce in zafi ya ƙaru da digiri 10, yoyon ya kan kusa ninkawa. Motar da aka bari a rana cikin bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40, ba daidai ta ke da wadda ke inuwa a Jos ba. Mutane su kan ɗora wa hunturu laifi domin da sanyin safiya mota ta kan ƙi tashi. Bazara ce ta yi ɓarnar, hunturu tona asiri kaɗai ya yi.

Na biyu, motocin zamanin nan ba su barci duka. Agogo, da rediyo, da ƙararrawar ɓarayi, da kwamfutar inji, duk suna tsotsa kaɗan kaɗan dare da rana. Ga lissafi, malamai su ba 'yan aji su gwada. A ce an rubuta 60Ah a jikin batir, watau amfiya 1 har awa 60. A ce mota tana shan kashi 1 cikin 20 na amfiya tana tsaye. A kwana guda an sha 1.2, a kwana 25 an sha 30, rabi ke nan. Dogon hutun makaranta ya fi haka, tafiya aikin Hajji ma haka.

Nan ne na ke so in yi gardama da wata al'ada. Mutum ya kan fito da safe ya tā da mota, ya bar inji yana silo minti 5, ya kashe, ya tafi ofis ransa fari wai ya ɗumama ta. Wannan ruɗin kai ne. Sitata tana jan amfiya fiye da 100 a lokacin tayarwa, altaneta kuwa, wadda ke mayar da wuta, ba ta ba da ƙarfinta sosai in inji yana silo. Ramin da aka yi mako biyu ana haƙawa minti 5 ba ya cike shi. Ga mai an ƙona a banza. In za a tā da ita, a fita da ita hanya sosai, a yi tafiyar rabin awa ko fi, sau ɗaya a mako.

Wanda zai yi tafiya mai tsawo, dabara mafi sauƙi ita ce ya cika batir tukuna, sa'an nan ya kwance waya daga kan da ke da alamar ɗebewa, ya kawar da ita gefe. Kada ya fara da mai alamar tarawa. Dalili kuwa, kan ɗebewa haɗe ya ke da jikin mota, ko sifana ta taɓa ƙarfe ba abin da zai faru, amma a ɗaya kan tartsatsi zai tashi. Agogo da rediyo za su manta saitinsu, wannan ƙaramar hasara ce. Mai hali ya sayi ƙaramar caja irin wadda ke tsayawa da kanta in batir ya cika. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ɗan faifan sola ya isa, muddin yana da na'urar da ke hana caji wuce kima.

Ina ba da shawara kuma a mallaki 'yar mitar awon bolt. A auna da safe kafin a tā da inji. In ta nuna 12.6 lafiya lau, 12.4 a nemi caji, 12.2 an kai rabi. In inji yana aiki ya kamata a ga wajen 14, in ba haka ba a kai wa makanike ya duba altaneta da bel.

Batir mai murafu a riƙa leƙa ruwansa, musamman da bazara, kada farantan su fito fili. Tataccen ruwan da a ke sayarwa domin batir shi za a ƙara, ban da na rijiya ko na famfo, ban da asid kuma, gama ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Wanda aka rufe shi ruf tun daga masana'anta kada a ɓalle shi. Farin garin da ke taruwa a kawunan a wanke da ruwan zafi, a ɗaure tam, a shafa basilin. Sa'ad da a ke caji batir yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka a yi shi a sarari, kada a kusato da taba ko ashana ko fitilar kananzir.

Mai cewa in ta ƙi tashi yaran unguwa sa tura, ya duba irin giyar motarsa tukuna. Mai kuloci ta kan tashi da turi in da sauran 'yar wuta a batir. Otomatik kuwa ba ta tashi da turi, sai an kawo wani batir.