Wasan da ake karantawa: Abin da masu sayar da 'yan na'urorin gem ba su cika sani ba game da hajarsu

Duk wanda ya saba bi ta Sakul, wato gadar sama ta Kwame Nkrumah da ke bakin unguwar Adabraka a birnin Akra, ya san Layin Tip Toe, inda hada-hadar wayoyin salula da caja da batura da katunan ajiya ba ta tsayawa tun daga safe har dare. A cikin 'yan shekarun nan kuma an samu wata haja da ta shigo sahun ƙananan kayan lantarkin da ake kawo mana daga ƙasar Sin, wato 'yan na'urorin wasa na riƙewa a hannu, masu kama da wayar salula amma ga maɓallai dama da hagu. Masu sunaye a cikinsu su ne Anbernic da Miyoo, sai kuma R36S wadda ta bayyana a wajejen 2023, ta kuma fi sauran yaɗuwa saboda arharta. Kaya ne marasa nauyi, kwali guda na ɗaukar da dama, don haka ba abin mamaki ba ne 'yan uwanmu da ke zirga-zirga tsakanin Akra da Aflao da Lome, ko masu haurawa Paga da Bawku da Sankasi, su sa musu ido.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ba shi ne karon farko ba. A shekarun 1990 mun ga Brick Game, mai jera tubala, wadda ake rubuta wa dubban wasanni a jiki alhali idan ka ƙidaya da ƙyar su wuce 'yan yatsun hannu. 'Ya'yan masu hali, ko waɗanda ke da ɗan uwa a Turai, su ne ke riƙe Game Boy ta kamfanin Nintendo na Japan da ta fito a 1989, mai cin batura huɗu. Daga baya macijin nan na wayar Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000 ya zo ya haɗa manya da yara. To na yanzu sun sha bamban da waɗancan, domin kuwa ƙananan kwamfutoci ne sosai, suna iya kwaikwayon tsofaffin na'urori iri-iri, wasannin kuma na zaune ne a cikin ɗan katin ajiya da ake sakawa a gefe.

Abin da mai talla ke faɗa shi ne yawan wasannin da ke ciki, ga na ƙwallo, ga na dambe, ga na tseren mota. Amma akwai wani nau'in wasa da wannan na'ura za ta iya ɗauka wanda ba a tallarsa, kuma a ganinmu shi ne ya fi cancanta magidanci a Nima ko Mamobi ya san da zamansa. Wasa ne da babu hoto a cikinsa ko ɗaya, babu kiɗa, babu gudu. Rubutu ne zalla. Na'ura za ta bayyana maka inda kake da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi, alal misali ka ce ɗauki fitila, ko buɗe ƙofa, ko nufi arewa, sai ta ba ka labarin abin da ya biyo baya. Wanda bai karanta da kyau ba, to ba zai gusa daga inda yake ba.

Asalin wannan abu daga Amurka ne. Wani masanin kwamfuta mai suna Will Crowther, wanda sha'awarsa ita ce shiga kogunan duwatsu, shi ne ya rubuta na farko a wajejen 1976 domin 'ya'yansa mata, inda ya kwaikwayi wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentaki. Ana kiran wasan Colossal Cave Adventure. A 1977 wani ɗalibi a jami'ar Stanford mai suna Don Woods ya faɗaɗa shi, ya ƙara masa dukiyoyi da abokan gaba. A wannan shekarar ce kuma wasu matasa huɗu a cibiyar fasaha ta MIT, su ne Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling, suka fara rubuta nasu mai suna Zork, wanda ya fi na farko fahimtar doguwar jimla. An kafa kamfanin Infocom a 1979, ya kuma fara sayar da Zork a 1980.

Akwai wata dabara da mutanen Infocom suka yi wadda ita ce ta sa har yau wasanninsu ke raye. A wancan zamani kwamfutocin gida iri-iri ne, kuma abin da aka rubuta wa wannan ba ya aiki a waccan. Sai suka ware labarin daban a fayil guda, suka kuma yi wa kowace kwamfuta ɗan tafinta da zai karanta mata shi. Ke nan duk na'urar da aka ƙera bayan shekara arba'in, muddin an samar mata da tafinta, za ta buɗe labarin yadda yake. Fayil ɗin Zork na farko bai kai kilobayit 100 ba, wato hoto guda da aka turo maka ta WhatsApp na iya fin sa nauyi.

Mu kam da muka zauna muka duba yadda ake buga shi, abin da ya zo mana a rai shi ne fataucin goro na kakanninmu. An gina wasan ne a kan wurare, daga wannan ka wuce wancan, tamkar dai yadda ayari ke tashi daga Kano ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nikki da Zugu da Sansanne Mango da Yandi har ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja, kowane masauki da sunansa da hatsarinsa. Kalmar Zongo ma da ake kiran unguwanninmu da ita a nan Gana ai daga zango ta samo asali. A cikin wasan ba ka iya ɗaukar duk abin da ka gani, akwai iyakar kayan da za ka riƙe, dole ka zaɓi abin da za ka ajiye ka dawo masa. Fitilarka na da batir, yana kuma ƙarewa, idan ka yi ta yawo babu lissafi duhu zai rufe ka. A Zork akwai ɓarawo da ke yawo yana wawushe abin da ka tara, a wasan Crowther da Woods kuwa ɗan fashin teku ne ke kwashe dukiyarka ya kai maɓoyarsa. Kuma babu taswira, kai ne za ka samu takarda da biro ka riƙa zana hanya da kanka, ka rubuta cewa daga nan in an yi gabas ana fita wuri kaza. Madugu da jagabansa ba su yi wani aiki da ya wuce wannan ba, illa dai su a kansu suke riƙe hanyar, kuma kuskurensu na rayuka ne.

To sai dai fa akwai matsala babba, kuma gara ɗan kasuwa ya san ta kafin ya yi wa mai saye alkawari. An yi waɗannan wasanni ne domin kwamfuta mai allon haruffa, ita kuwa na'urar hannu maɓallanta ba su wuce na sama da ƙasa da dama da hagu da wasu 'yan kaɗan ba. Idan za ka rubuta kalma sai an fito maka da haruffa a kan gilashi, ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, abin da ke gajiyar da babba ballantana yaro. Abin da ke rage wahalar shi ne yawancin umarni gajeru ne, kuma ana iya taƙaita su, harafi guda ya isa a ce arewa ko kudu, wani harafin ya nuna maka kayan da ke hannunka. Ita R36S tana da ramuka biyu a ƙasanta, ɗaya na caji, ɗayan kuma ana iya jona masa ƙaramin allon haruffa na kwamfuta da 'yar mahaɗa. Ga mai shago wannan ma wata ƙofar ciniki ce.

Mutanen Japan sun daɗe da cin karo da wannan matsala. Wani wasan binciken kisan kai mai suna Portopia, na Yuji Horii, ya fito a kwamfuta a 1983 ana rubuta masa umarni, amma da aka mayar da shi na'urar Famicom a 1985 sai aka jera umarnin a gefe, kai dai ka zaɓa. Haka ma umarni ke a jere a Shadowgate da ya fito a Game Boy Color a 1999. Irin waɗannan suna da 'yan hotuna, amma karatu ne ƙashin bayansu, kuma su ne suka fi dacewa da wanda zai fara. Su kuwa na rubutu zalla irin Zork ba kasafai suke zuwa a cikin katin ba, sai an saka su tare da tafintansu, kamar Frotz, ko manhajar ScummVM wadda tun 2020 ta fara buɗe irin waɗannan labarai. Yaran da ke saka wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya a bakin titin Nima ba za su kasa wannan aiki ba idan an nuna musu sau ɗaya.

Sai batun ingancin kayan. Masu amfani da R36S a ƙasashe da dama sun yi ta kokawa da abu biyu. Na farko katin ajiyar da ke zuwa da ita ba mai ƙarko ba ne, yana iya lalacewa cikin ɗan lokaci, kuma da yake har manhajar da ke tayar da na'urar a cikinsa take, yana mutuwa na'urar ta zama gawa a hannun yaro, uban kuma wurinka zai dawo. Maganin abin shi ne a kwafe duk abin da ke ciki a kwamfuta tun tana sabuwa, a kuma tanadi kati mai suna. Na biyu kuma jabu sun cika kasuwa, kwali ɗaya, suna ɗaya, amma kayan ciki daban. Kada ka karɓi kwali sai ka kunna wasu daga ciki a gaban mai sari. Ana cewa sunan Adabraka ma daga albarka ya fito, kalmar da mai kaya ke faɗa idan tayi bai yi masa ba, to shi ma mai saye yana da ikon ya ce a bar shi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Dubban wasannin da ke cikin katin nan mallakar kamfanoni ne irin su Nintendo da Sony da Sega, kuma ba da izininsu aka kwafa ba. Gana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, maƙwabtanmu ma kowa da tasa, don haka wanda ke ƙetara iyaka da kwalaye ya san abin da ya ɗauko. A nan ma wasannin rubutu sun fi sauƙin sha'ani. A 2017 aka saki wasan Crowther da Woods kyauta da yardarsu. Shi kuwa Infocom, kamfanin Activision ya saye shi a 1986, Microsoft ya saye Activision a 2023, sannan a watan Nuwamba na 2025 ya saki asalin rubutun Zork na ɗaya da na biyu da na uku ga duk mai so. Ban da waɗannan akwai dubban labarai da masu sha'awa suka rubuta suka ajiye kyauta a intanet, har gasa suke yi duk shekara tun 1995.

Abin tambaya a nan shi ne, me wannan zai amfana wa yaron Zongo? Kusan duk tsofaffin wasannin da Turanci suke, kuma da Turanci ɗanka zai rubuta jarrabawar BECE. Sanin kowa ne yaranmu da dama na tashi da Hausa a gida, Larabci a makaranta, Ga ko Tuwi a titi, Turancin karatu kuwa sai a aji. Littafi za ka iya tilasta wa yaro ya riƙe shi idonsa na kan shafi hankalinsa na wurin ƙwallo, amma a wannan wasa idan bai gane kalma ba ƙofa ba za ta buɗe ba, idan ya rubuta ta ba daidai ba na'ura za ta ce ba ta gane ba. Ba muna cewa zai maye gurbin malami ba ne, kuma gaskiya Turancin Zork na da tsauri, akwai ba'a irin ta Amurkawa da ko babba sai ya yi tunani, sannan akwai dodanni da tsafe-tsafe irin na tatsuniya waɗanda wasu iyaye ba za su so ba. Ya fi kyau a fara a zauna biyu ko uku, da ƙamus a gefe, ɗaya na karantawa ɗaya na zana hanya. Wani abin da zai kwantar wa uwa hankali shi ne R36S ba ta zuwa da hanyar shiga intanet a jikinta, ba ta cin kuɗin data, kuma babu ta inda tallar cacar ƙwallo za ta biyo yaro.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne harshenmu. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake koyarwa a rubuta jarrabawarsu a makarantun gwamnati, duk da cewa gidan rediyon GBC na watsa shirye-shirye da ita, kuma ita ce harshen ciniki daga Nima har Bawku. Yaranmu na jin ta, kaɗan ne ke iya rubuta ta. A 2009 Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa kamfanin da ake kira Leti Arts a yanzu, suka ɗauko Ananse na tatsuniyoyin Akan suka sa shi a wasa da littattafan zane. Ananse kuwa ai Gizo ne. Wasa mai hoto na bukatar masu zane da jari, amma wasan rubutu mutum ɗaya mai iya ba da labari ya isa. Akwai manhaja kyauta mai suna Twine da Chris Klimas ya fitar a 2009, wadda ba a rubuta mata umarni, zaɓi ake jerawa mai karatu ya taɓa wanda yake so, tana karɓar haruffanmu masu ƙugiya, abin da aka rubuta da ita kuma yana buɗewa a wayar zamani ko da babu data, ana iya tura shi daga waya zuwa waya.

Kayan labarin kuwa muna da su jibge. Ga Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami. Ga tafiyar ayari da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, a biya kuɗin fito a bakin kogi, a yi shawarar ko a bi gajeriyar hanya mai 'yan fashi ko doguwa mai ruwa. Ga yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya tarwatsa fatake da malamai zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akra, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Karachi a 1934. Ko kusa-kusa ma, direban da ya taso da albasa daga Galmi zuwa Akra, ya ratsa Burkina ya shigo ta Paga ko Kulungugu, idan ya lissafa maka shingayen da ya wuce da shawarar da ya yanke a kowane ɗaya kafin kayansa su fara ruɓewa, ya riga ya ba ka zango ashirin na wasa, saura wanda zai zauna da shi ya rubuta.