Kwana uku a Duwala, daga kai sai iyalinka

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Fatauci ya kai shi Gwanja, neman ilimi ya kai shi gabas, aikin hajji ya ratsa da shi Sudan a ƙafa. Abin da bai saba ba shi ne ya ɗauki matarsa, su biyu rak, su tafi wani birni ba biki, ba jinya, ba ta'aziyya, don kawai su ga yadda garin yake. Yanzu an fara, musamman matasan ma'aurata da ma'aikata masu ɗan hutun ƙarshen shekara. Sai dai akwai inda irin wannan tafiya take lalacewa, kuma Duwala, cibiyar kasuwancin Kamaru, ta isa misali. Gari ne mai mutum sama da miliyan 3, mai tashar jiragen ruwan da Chadi da Afirka ta Tsakiya suke shigo da kayansu ta nan, amma Bahaushe yana iya yin mako guda a cikinsa bai ji ya bar gida ba, ya kuma dawo bai ga komai ba.

Ga yadda abin yake faruwa. An sauka a filin jirgin sama, ko a tashar jirgin ƙasa ta Bessengué idan daga arewa aka gangaro ta Yawunde. Maigida ya buga wa wani ɗan'uwa ko abokin ciniki waya a New Bell, unguwar da Hausawa suke zaune, don dai a san ya iso. Sai amsa ta zo: "Otal kuma, Alhaji, muna garin nan? Haba, ai ba a yi haka ba." Shi ke nan, an raba su tun daga ƙofar gida. Shi ya yi zaure, daga nan rumfar kasuwa, daga nan masallaci. Ita an shige da ita wajen matan gida, kwanukan maƙwabta na ta shigowa, ana ta "sannu da zuwa, Hajiya, ya mutanen gida?" Kwana uku sun cika, shi ya san farashin atamfa da na dala, ita ta san tsakar gida biyu. Karamcin na gaske ne, kuma wanda ya raina shi bai san zafin baƙunta ba. Amma tafiyar da aka yi wa tanadi ta zama ziyarar dangi, kuma matar ce ta fi yin asara, domin shi yana iya dawowa baɗi da sunan kasuwa, ita kuwa Allah kaɗai ya san ranar da za ta sake fitowa.

Maganin ba shi da wuya, kunya ce kawai take hana shi. A kama ɗaki a otal, unguwar Akwa cike take da su daga mai tsada har mai sauƙi. A sanar da mai masauki tun kafin a taso cewa hutu aka zo yi da iyali, a ware masa yamma guda cur ta gaisuwa da tsaraba. Idan yana son ya yi alheri, to ya haɗa ku da yaro mai hankali wanda yake jin Faransanci, ya raka ku ranar farko. Wannan ya fi muku tuwon dare uku amfani.

Duk da haka, kada a ce za a guje wa New Bell. Wanda bai fahimci yadda aka yi unguwar ba, sauran garin gine-gine kawai zai gani. A ranar 12 ga Yulin 1884 sarakunan Duwala, Sarki Bell da Sarki Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa, bisa sharaɗin cewa filayen da suke zaune a kai da waɗanda suke nomawa suna nan a hannunsu. Ba a cika shekara 30 ba aka karya alkawarin. Daga 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta fara shirin kwashe 'yan ƙasa daga bakin kogin Wouri, inda iska take da daɗi kuma nan ne rayuwarsu ta kamun kifi da ciniki, a mayar da su can ciki cikin fadama. Hujjar da aka kawo ita ce zazzaɓin cizon sauro: wai a bar fili mai faɗin kilomita 1 babu gini tsakanin Turawa da baƙar fata, don kada sauro ya ɗauko ciwo daga nan ya kai can. Wurin da aka yanka wa gidan Bell shi ne New Bell.

Sarkinsu na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, a Jamus ya yi karatu, yana jin harshensu, ya san dokarsu. Da dokar ya yaƙe su. Ya kai ƙara majalisar dokokin Jamus, ya tura sakatarensa Ngoso Din zuwa Balin a ɓoye don ya nemi masu goyon baya. Aka tuhume su da cin amanar ƙasa, aka rataye su biyun a ranar 8 ga Agustan 1914, kwanaki kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin Satumba ta ƙare sojojin Ingila da Faransa sun ci garin. Yawancin mutanen Bell ba su taɓa karɓar wurin da aka tura su ba, daga baya suka zauna a unguwar Bali. Filin da masu gari suka ƙi sai ya zama na baƙi: Bamileke daga tsaunukan yamma, Bassa, Ewondo, mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, da Hausawa, waɗanda tun zamanin Jamus suke gangarowa daga Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko suna cinikin hauren giwa da goro da danƙo, daga baya kuma shanu da fawa. Kowace ƙabila ta kama gefenta, shi ya sa har yau ake cewa New Bell Hausa, New Bell Bamileke, New Bell Bassa, ga Kongo, ga Nkololoun, ga Kassalafam. A nan tarzomar watan Mayun 1955 ta fi zafi, wadda ta sa Faransa ta haramta jam'iyyar UPC mai neman 'yanci. A nan babban kurkukun garin yake. A lungunan nan kuma Samuel Eto'o ya tashi yana buga ƙwallo.

Don haka ranar farko a fara da unguwar, da safe, a ƙafa, ku biyun. Ga babban masallaci, ga mahauta, ga masu ɗinkin hula da teloli, ga Marché Central da Marché Congo inda cunkoso yake sa mutum ya riƙe jakarsa a gaba. Hausar da za ku ji ta sha Faransanci da Fulatanci, amma ba za ta gagare ku ba. A 2010 wani mai fasaha ɗan Kamaru, Pascale Marthine Tayou, ya kafa dogon ginshiƙi a shataletalen Shell New Bell, wanda ya yi da kwanukan fenti masu murfi, an ɗora wani kan wani har sama. Duk matar da ta ga hotonsa sai ta tuna jeren ɗakin kakarta.

Daga nan sai a hau tasi zuwa Bonanjo, wato wurin da aka kori mutane dominsa. Tafiyar 'yan mintuna ce in babu cunkoso, amma bambancin a fili yake: tituna masu faɗi, manyan itatuwa, bankuna, ofisoshin gwamnati, shiru. A nan fadar gidan Bell take, wadda aka gina wa Sarki Auguste Manga Ndumbe, mahaifin Rudolf, a 1905. Rufinta hawa-hawa ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, irin na wuraren ibadar Asiya, shi ya sa ake ce mata La Pagode. A jikinta akwai zauren baje kolin zane na doual'art, ƙungiyar da Marilyn Douala Bell, 'yar gidan sarautar, ta kafa tare da mijinta Didier Schaub a 1991. A dandalin da yake kusa akwai gunkin Janar Leclerc, wanda ya sauka a Duwala a watan Agustan 1940 ya karɓe ƙasar da sunan Janar de Gaulle. Wani ɗan gwagwarmaya, André Blaise Essama, ya sha kai wa gunkin hari har da cire masa kai, ya kuma sha ɗauri a kan haka, yana cewa jaruman Kamaru ne suka cancanci wurin. Akwai kuma gidan tarihin sufurin ruwa, wanda aka gina da siffar jirgi. Gargaɗi ɗaya a wannan unguwa: a kiyaye ɗaukar hoto kusa da tashar jiragen ruwa, barikin soja ko ginin gwamnati, domin wayar hannu tana iya jawo muku dogon bayani da jandarma.

Rana ta biyu ta kogi ce. A shataletalen Deido, kan hanyar gada, akwai wani mutum-mutumi mai tsayin mita 12 da ake kira La Nouvelle Liberté, wanda Joseph-Francis Sumégné ya haɗa a 1996. Daga nesa mutum ne tsaye da ƙafa ɗaya, ɗauke da ƙwallon duniya a bisa kai. Ku matso kusa, in kun samu ratar tsallaka titi, za ku ga da me aka yi shi: tsofaffin tayoyi, salansa, sarƙoƙi, ƙarafan mota, duk abin da ɗan gwangwan yake saye a kilo. Da aka kafa shi mutanen unguwar da yawa sun ƙi shi, suna ce masa Nju-Nju, wato dodo. Yau shi ne hoton da ake sa wa garin a ko'ina. Daga nan ga gadar Wouri, wadda Faransawa suka gama a 1954, ga kuma sabuwar da aka yi a gefenta, wadda za ta kai ku Bonabéri. In sama ta washe, ana hango Dutsen Kamaru daga yamma, mai tsayin sama da mita 4,000.

Abincin rana kuwa a ci shi a Youpwé, matsayar masunta a kudancin gari, inda kwale-kwale suke tashi zuwa tsibirin Manoka. Za a nuna muku kifin ɗanye, ku zaɓa, ku yi ciniki, a tsaga shi a gabanku, a shafe shi da yaji a ɗora a kan gawayi. Ana kawo shi da soyayyar agada ko da miyondo, wato ƙullin rogo siriri da ake naɗewa a ganye a dafa, mai ɗan tsami da danƙo. Wanda bai taɓa cin kifin teku da aka kama ranar ba zai gane cewa na firji wani abu ne dabam. A je da rana, domin da dare wuraren sukan koma mashaya. A ɗanɗana ndole ma, miyar shuwaka ce da niƙaƙƙiyar gyaɗa, amma a ce a kawo mai jatan lande ko kifi. A gidajen abincin da ba na Musulmi ba ana sayar da alade da naman daji, don haka batun nama a bar shi sai an dawo New Bell, wurin masu tsire, wanda a can suke kira soya.

Sai abubuwan da suke ɓata tafiya tun kafin a fara ta. Na farko lokaci. Ruwan da yake sauka a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na Kano, kuma daga Yuni zuwa Oktoba yana iya wuni yana zuba, lungunan New Bell su cika. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ya fi dacewa. A farkon Disamba ma ake bikin Ngondo na ƙabilun Sawa a bakin kogi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Akwai ɓangarensa na bautar iskokin ruwa, wanda ba namu ba ne, akwai kuma tseren kwale-kwale da kokawa waɗanda kowa yake zuwa kallo. Ko da rani zafin garin mai laima ne, gumi ba ya bushewa, saboda haka shadda mai sitaci da leshi mai nauyi su zauna a akwati sai ranar gaisuwa.

Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka a tafi da fasfo da katin rigakafin shawara, a kuma tabbatar da batun biza tun daga gida. A riƙa yawo da takardar shaida, ana tambaya a hanya. Mutanen Nijar su lura: sefar Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarta ɗaya da ta Yamai, amma mai shago a Duwala ba zai karɓi takardar Yamai ba, sai an canza. A cikin gari akwai tasi masu ruwan ɗorawa da ake haɗa fasinja, kana faɗa wa direba inda za ka da abin da za ka biya, in ya yi masa ya danna ƙaho ka shiga. Ga miji da mata ya fi sauƙi a ɗauki shatar mota, a yi ciniki kafin a shiga. 'Yan acaɓa, da ake ce wa bensikin, sun cika garin, amma ban ga dalilin ɗora baƙuwa a kan babur a mahaɗar Ndokoti ba.

Za a ba ku shawarar ku leƙa Kiribi, inda ruwan Lobé yake faɗowa kai tsaye cikin teku, ko Limbe mai baƙin yashi. Kiribi tafiyar sa'o'i ce, zuwa da dawowa za su cinye wuni guda cikin ukun. Limbe ta fi kusa, kimanin kilomita 70, amma tana yankin masu magana da Ingilishi da yake fama da rikici tun 2016, sai an tambayi halin hanya. Gara a bar rana ta uku ga tsaraba, a tafi Marché des Fleurs a Bonapriso, inda bayan masu furanni akwai rumfunan sassaƙa da tagulla da kayan fata. Da yawa daga masu rumfunan mutanen Fumban ne da na Marwa da Garwa. Da Faransanci za su tare ku, da farashin baƙi. Ku yi sallama, ku tambayi mutumin garinsu da Hausa, sannan ka koma gefe ka bar Hajiya ta yi cinikin.