Kwale-kwalen da ya koma kamar wayar hannu: yadda masuntan Amurka ke tuƙa shi da kula da shi

Da asuba a bakin tafkin Guntersville da ke jihar Alabama a Amurka, motoci kan yi layi, kowace tana jan tirela ɗauke da kwale-kwale mai sheƙi. A cikin kowane akwai allunan kwamfuta, da na'urar GPS, da batura har huɗu ko biyar. Amma abin da gogaggen masunci ke fara dubawa shi ne wani ɗan toshi da ke ƙasan bayan jirgin, wanda bai kai murfin kwalba biyu girma ba. Idan aka manta ba a ɗaura shi ba, ruwa zai riƙa kwarara ciki tun daga lokacin da jirgin ya sauka daga tirela.

Wannan shi ne jirgin kamun kifin bas, kifin ruwan daɗi da Amurkawa ke gasa a kansa da fatsa. Wani mai suna Ray Scott ne ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, kuma a shekarar ce Forrest Wood ya fara ƙera jiragen Ranger a garin Flippin na jihar Arkansas. Gangar jikin irin wannan jirgi ta faibagilas ce, wato zaren gilashi da ake shimfiɗawa hawa-hawa a jiƙa shi da wani ƙaro har ya daskare. Tsawonsa yakan kai mita shida, kuma da inji mai ƙarfin doki 250 yana iya wuce kilomita 110 a awa.

Tuƙi a kan tafin hannu

A irin wannan gudu, ɗan yanki ne kawai na ƙasan jirgin ke taɓa ruwa. Idan direba ya ɗaga injin fiye da kima, jirgin kan fara rangaji hagu da dama, kuma ƙaramin kuskure na iya wurgar da mutum cikin ruwa. Shi ya sa ake maƙala wata igiya daga makunnin injin zuwa rigar kariyar direba. Da ya faɗi, injin ya mutu. Ba tare da ita ba, jirgin kan ci gaba da zagaye da farfela a kunne, ya dawo kan mai shi. Tun daga 1 ga Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta amfani da ita a jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba.

Da an isa wurin kifi sai a kashe babban inji, a sauke ƙaramin injin lantarki da ke gaba, wanda ake sarrafawa da ƙafa. Kamfanin Minn Kota ya fara irinsa tun 1934. Na yanzu suna da GPS: da an danna maɓalli ɗaya, injin zai riƙe jirgin a wuri guda ko da iska na kaɗawa, ba sai an jefa anka ba. A 2018 kuma Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke harba sauti cikin ruwa ta nuna kifi yana iyo kai tsaye a allo, kamar bidiyo. Ta sauya gasar har ta jawo gardama, inda wasu ke ganin kallon allo ya maye gurbin ƙwarewa. A kakar 2025 gasar NPFL ta haramta ta, ita kuwa B.A.S.S. ta taƙaita amfani da ita.

Idan batir ya mutu

Duk wanda wayarsa ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar tura kuɗi zai fahimci matsalar. Ƙaramin injin yakan ci bolt 36, wato batura uku masu bolt 12 da aka jera a haɗe. Idan ɗaya ya raunana, sauran biyun ma sun shiga uku, don haka ba a haɗa tsoho da sabo. Batir mai ruwan asid yana son a cika shi da caji da zarar an dawo gida, domin barinsa a sauke yana cinye ƙarfinsa. Da yawa sun koma ga na litiyam, irin wanda ake sa wa inbata da sola: ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi daɗewa, sai dai ba a yi masa caji a sanyin da ruwa ke ƙanƙara.

Batir ɗin da ke tayar da babban inji shi ne sau da yawa ke ba famfon rumbun kifi wuta. A gasa da rai ake kawo kifi wurin awo sannan a sake shi, kuma ana rage maki a kan wanda ya mutu. Sako-sakon waya guda na iya jawo wa mutum asarar kyauta, ko ya bar shi tsakiyar tafki injin ya ƙi tashi.

Abin da allo ba ya nunawa

Faibagilas ba ya tsatsa, amma rana tana cin fatar da ke samansa har ta yi fari kamar alli, sai da wanki da shafa kaki da rufewa da tamfol. Tsagewa a bangon baya, inda injin ke rataye, ita ce abin tsoro: tsofaffin jirage akwai katako a ciki, kuma idan ruwa ya shiga sai ya ruɓe ba a sani ba. Fetur mai gaurayen etanol yana jan danshi idan ya daɗe a tanki. Akwai kuma ƙaramar fankar roba da ke jawo ruwan sanyaya inji. Idan ba a ga ruwa na tsartuwa daga bayan injin ba, a kashe shi nan take.

Bayan an fito, ana wanke jirgin, a zare toshin ruwan ya tsiyaye, a bar shi ya bushe, don kada a kwashi ƙananan halittu masu ɓarna daga wannan tafki zuwa wancan. Masu hikima kan rataye toshin a jikin sitiyari, ta yadda gobe da asuba hannu ba zai kai ga makulli ba sai ya fara cin karo da shi.