Jiragen fareti: lissafin da ke kawo su daidai kan lokaci

Kai da ke fatauci tsakanin Kyé-Ossi da Bitam har zuwa Libreville, in ranar 17 ga Agusta ta taɓa riskar ka a Nombakélé, ka san abin da za mu yi magana a kai. Ranar ce Gabon ke bikin 'yancin kan da ta samu a 1960. Ana rufe titin bakin teku, sojoji su yi fareti a gaban fadar shugaban ƙasa, kana tsaye a ƙofar shago sai ka ji sama ta tsage, jirage sun wuce. Abin tambaya, yaya aka yi suka iso daidai lokacin da ake jiran su, alhali jirgin yaƙi ba ya taka birki ya tsaya a sama?

Amsar a gajarce: daga ƙarshe ake fara lissafi. Matuƙi ba ya cewa "ƙarfe nawa zan tashi?" Abin da ake fara ba shi shi ne lokacin da ake so ya kasance bisa kan rumfar manyan baƙi, da minti da sakan ɗinsa. Daga nan yake ƙirgawa baya-baya har ya kai ga lokacin tayar da inji.

Bari mu buga misali da lambobi masu sauƙi. A ce jirgin na gudun kilomita 540 a awa. Wato kilomita 9 ke nan a minti ɗaya, mita 150 a sakan ɗaya. Ka ga kuwa in ya makara da sakan 10 kacal, yana can baya da kilomita ɗaya da rabi. In kuma ya yi gaggawa da sakan 10, ya riga ya wuce kafin jama'a su ɗaga kai.

To, tun da bikin ƙasa ba ya rasa ɗan jinkiri, jiragen kan tashi da wuri su je wani wuri da aka keɓe musu nesa da gari, su yi ta kewaya suna jira. Kamar dai yadda makiyayi ke tsai da garke a bayan gari, ba ya kutsa kai kara sai an buɗe. A ce wurin jiran yana da nisan kilomita 27 daga filin fareti. Da gudun da muka faɗa, tafiyar minti 3 ce cif. Saboda haka dole jagoran ayarin ya bar wurin jira saura minti 3, hancin jirginsa na fuskantar hanya. In umarni ya same shi yana tsakiyar juyawa, sai ya gajarta kewayen ko ya tsawaita shi.

Wa ke ba da umarnin? Akwai wani jami'in sojan sama da ke ƙasa, a filin bikin, riƙe da oba-oba da agogon da aka daidaita da na matuƙa. Idonsa na kan bikin, bakinsa na wajen jagora. In jawabi ya yi tsawo, ya ce a ƙara jira. A Amurka, inda jirage ke wucewa ta saman filin wasa daidai ƙarshen taken ƙasa, akan auna tsawon rerawar mawaƙin tun wajen gwaji. In ranar wasa ya ja murya fiye da yadda ya saba, na ƙasa zai sanar, jagora ya ɗan sassauta.

Amma gyaran yana da iyaka. A tafiyar nan ta kilomita 27, in ana son a ci sakan 10, sai an ɗaga gudu zuwa wajen kilomita 570 a awa. In ana son a ɓatar da sakan 10, a sauko wajen 510. Tun da nisa gyaran ba wuya, amma in saura kilomita 3 ko 4, bakin alƙalami ya bushe. Ga kuma iska: in tana bugo jirgin ta gaba da ƙarfin kilomita 30 a awa, ita kaɗai ta isa ta makarar da shi da sakan 10 ɗin nan. Shi ya sa ake duba iska kafin a tashi, a sake dubawa a sama. Ga mai, wanda ke ƙonewa duk tsawon jiran. In jinkiri ya wuce kima, gida ake komawa.

Wani abin kuma, ba duka jiragen ke gudu ɗaya ba. Mai saukar ungulu da ke yin kilomita 180 a awa, minti 9 zai ci a nisan da jirgin yaƙi ke shanyewa a minti 3. Don haka kowane rukuni da wurin jiransa da tsayinsa da lokacinsa, don kada mai sauri ya cim ma mai nawa. Haka ake yi a Faris ranar 14 ga Yuli, inda ayarin Patrouille de France ke buɗe faretin sama da hayaƙi shuɗi da fari da ja. A cikin ayari, jagora ne mai kula da agogo da hanya. Sauran idonsu na kan jirginsa, don 'yan mitoci ne tsakaninsu.

Kada ka ɗauka wasa ne. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙi biyu ƙirar F-7 na sojan saman Nijeriya sun yi haɗari a yankin Katampe da ke Abuja, suna gwajin faretin cika shekara 58 da samun 'yancin kai. Matuƙa uku sun fice da laima, ɗaya daga cikinsu, Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah ya jiƙansa. Shi ya sa doka a wajensu ita ce, gara a makara, ko a fasa gaba ɗaya, da a yi ganganci. A Libreville ma watan Agusta rani ne, amma sama kan wuni a lulluɓe da gajimare, kuma in ya sauko ƙasa sosai yana iya hana jirage wucewa.

Me ya shafe ka? Na farko, ba ranar biki kaɗai jiragen ke fita ba, akan yi gwaji kwanaki kafin ta. In kana da shanu ko raguna a ɗaure kusa da gari a mako na biyu na Agusta, ka ƙarfafa turke, kada ka bar yaro shi kaɗai da su, don ƙarar takan zo ba sallama ta firgita dabba. Na biyu, in motar kayanka za ta shigo tsakiyar gari, ka tambayi kwanakin rufe hanya tun kana Oyem. Na uku, ɗauki dabarar matuƙan: fara da lokacin da kake so ka isa, ka cire awowin hanya da na shingen jami'ai da na sauke kaya, sannan ka ƙara rarar da za ka jira da ita kusa da kasuwa. Wanda ya iso da wuri yana da zaɓin jira, wanda ya makara kuwa sai gudu, kuma a gudun ne ake asara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da kasuwa.