KAFIN KA SAYI RAUTA, KA AUNA GIDANKA

'Yan'uwa manoma, a yawon da muke yi cikin ƙauyukan Ungogo, daga Panisau zuwa Rangaza da Yadakunya, tambayar taki da iri ce muka saba ji. To, bana sai ga wata sabuwa: "Malam, wace rauta zan saya?" Rauta ita ce ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya, ya raba intanet ga wayoyin gida duka ba tare da igiya ba. Yara na son ta don karatu da duba sakamakon JAMB, maigida kuma don jin farashin hatsi a Dawanau.

Wani maƙwabcinmu ya sayar da buhun gero, ya sayo mai 5G don an ce ita ce ta zamani. Da ya kawo ta gida, sabis ɗin bai kai unguwarsu ba. Gaskiya ne MTN ta kawo 5G Kano a 2022, amma zangonsa gajere ne, ya fi yawa a cikin birni. A karkara 4G ne abin dogaro.

Saboda haka abu na farko, gwada kafin ka biya. Ari wayoyi masu layin MTN, Airtel da Glo, ka gwada su a tsakar gida da cikin ɗaki, da safe da kuma bayan magariba, lokacin da jama'a suka yi yawa a kan layi. Wanda ya fi ƙarfi shi ne naka.

Na biyu, tambayi mai shago ko rautar a kulle take. Wadda kamfani ya kulle ta fi araha, amma layinsa kaɗai take karɓa. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, sai dai in sabis ya lalace, kana iya sauya layi. Kada ka manta, tun 2020 doka ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN.

Na uku, wuta. Kowa ya san yadda take zuwa ta tafi. Nemi mai batir a ciki, ko wadda za ta yi aiki da ƙaramin sola. Ƙaramar ta aljihu, wato MiFi, takan ɗauki waya kamar 10. Gida mai yawa sai babba.

Na huɗu, katanga. Ginin ƙasa mai kauri da rufin kwano suna tare sabis. Rauta na watsawa a zango biyu, 2.4 da 5, na 2.4 ya fi ratsa bango. A ɗora ta sama, kusa da taga, nesa da murhu da ɗigar ruwa, a riƙa share mata ƙurar hunturu.

Daga ƙarshe, sayen doki ba wuya, ciyarwa ce aiki. A Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Lissafa kuɗin wata tukuna. Sauya lambar sirrin da ta zo da ita, kada unguwa ta shanye maka data. In gida biyu ko uku suna jingine da juna, su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su kuma tsai da ranar biya tun farko, don kada zumunci ya ɓaci.

In ka je kasuwar Farm Centre, tafi da layinka, a kunna a gabanka, ka karɓi rasit.